Ni Da Maman Da Ta Goya Ni, Allah Ɗaya Muke Kira?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai wayata gyara wani shago a bayan Taminus a nan Jos, caji ne ya daina shiga, ina zaune kan benci ina jira sai musu ya kaure tsakanin yaran shagon su biyu, ɗaya Musulmi ɗaya Kirista, duk ba za su wuce shekara ashirin da biyu ba. Kowa ya zaro waya yana nuna wa ɗan uwansa bidiyo. Kiristan yana cewa ai Allah ɗin da kuke kira sunan wani gunkin wata ne na Larabawan da, Musulmin kuma yana cewa kai da littafinku ma an canza shi ba adadi, kullum sai Turawa sun fito da sabo, me za ka gaya min. Mai shagon yana ta cewa ku bari mana ga kwastoma, ba wanda ya kula shi. Ba su yi faɗa ba, ƙarshe ma tare suka ci awara, amma ni abun ya tsaya min a rai har na dawo gida, saboda na lura kowannensu ya haddace aibin littafin ɗan uwansa tsaf, amma da za ka ce ya faɗa maka yadda nasa littafin ya iso hannunsa, ba zai haɗa jimla uku ba.

Ni Musulmi ne, ban ɓoye ba, kuma da wannan idon nake kallon maganar. A Nasarawa Gwong aka haife ni lokacin da unguwar take a cakuɗe, gidan haya ne ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce 'yar Birom, Mama muke ce mata gaba ɗayanmu, ita take goya ni in Inna ta tafi kasuwa, a hannunta na fara cin gwaten acha. Kullum da asuba bayan an sallame sallah sai ka ji muryarta ƙasa-ƙasa tana waƙoƙin Zumuntar Mata, sannan ta buɗe wani baƙin littafi da gefen takardunsa ya yi ja, ta karanta da Hausa, Hausar da nake ji sarai. Allah take cewa, Ubangiji take cewa, Ibrahim da Musa da Dauda duk ina jin sunayensu daga bakinta kafin ma in kai inda aka ambace su a allona. Shi ya sa tambayar nan ta ko Allah ɗaya muke bauta wa take min nauyi daban, don in an yi ta fuskar Mama nake gani.

Bari in fara da sunan, tunda daga nan yaron can ya fara. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin, kuma ayar farko ta littafin Farawa cewa take Allah ne ya halicci sama da ƙasa. Har yau in ka wuce ta gaban cocin COCIN ko ECWA, waɗanda duka hedikwatarsu tana nan Jos, lokacin sujadar Hausa, sunan da za ka ji kenan. Kiristocin Masar da Labanan da Falasɗinu ma Allah suke cewa, kuma a harshen Aramiyanci da Annabi Isa A.S ya yi magana da shi kalmar ita ce Alaha, da Ibrananci Elohim, duk tushe ɗaya ne. Batun gunkin wata kuwa aya ɗaya ta ishe shi, a Suratu Fussilat aya ta 37 an ce kada ku yi sujada ga rana ko ga wata, ku yi sujada ga Allah da ya halicce su. Mu ma a ɓangarenmu akwai masu jin haushin Kirista ya ce Allah, a Malesiya sai da abun ya kai kotu, aka kai wa coci-coci hari a Janairun 2010, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar. Alhamdu lillahi mu nan ba mu kai can ba. Amma fa gaskiya sunan shi kaɗai bai raba gardamar ba, don mutum biyu za su iya kiran suna ɗaya kowa da wanda yake nufi.

Inda nake ganin ake rikicewa shi ne tambayoyi uku aka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai tambayar wa kake nufi in ka ɗaga hannu, akwai tambayar yaya ka siffanta shi, sannan akwai tambayar ko ya karɓi bautar taka. Mai cewa eh yawanci ta farkon yake amsawa, mai cewa a'a ta biyu ko ta uku yake amsawa, sai a kwana ana jayayya alhali ba ma a kan abu ɗaya ake tsaye ba.

Duba Alƙur'ani da kansa. A Suratul Ankabut aya ta 46 an umarce mu da kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma mu ce musu abin bautarmu da abin bautarku ɗaya ne. Wannan a fili yake, ba ya buƙatar dogon tafsiri. Amma littafin nan dai shi ne ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 171 kada ku ce uku, shi ne a Ma'ida aya ta 73 ya kira faɗin haka kafirci, shi ne ya ba mu Ƙulhuwa, bai haifa ba ba a haife shi ba, kuma a Ali Imrana aya ta 85 ya ce wanda ya nemi wani addini ba Musulunci ba ba za a karɓa masa ba. Ka ga an amsa tambayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya kuma amsar ba iri ɗaya ba ce. Hatta mushirikan Makka, Alƙur'ani ya faɗa cewa in ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa za su ce Allah, gumakan kuma cewa suke 'yan kai ƙara ne masu kusantar da su gare shi, amma duk da haka aka ce a faɗa musu ba na bauta wa abin da kuke bauta wa. Sun san wanda ake magana a kansa, bautar ce suka ɓata ta da haɗa shi da wasu.

Ga wani misali da nake yawan tunawa, kuma Allah ya fi ƙarfin misali. A ce ana zaman rabon gado, wani ya miƙe yace mamacin nan ya bar ɗa, wani ya miƙe yace wallahi bai taɓa haihuwa ba. Dole ɗaya daga cikinsu bai faɗi daidai ba, kuma bambancin nasu ba ƙarami ba ne tunda duk rabon a kansa ya rataya. Amma da ba mutum ɗaya suke nufi ba ai da babu musun ma sam, da kowa nasa mamacin yake magana a kai sai a tashi. Saɓanin da kansa shi ke nuna ana magana a kan ɗaya. Lokacin da Alƙur'ani ya ce kada ku ce uku, gyara yake wa masu magana a kan Allah, da wani abin bauta daban suke nufi da ba a ce musu sun wuce iyaka a addininsu ba.

Su ma Kiristoci kansu a rabe yake a kan wannan. Cocin Katolika a babban taronta na Batikan na biyu, cikin takardun 1964 da 1965, ta rubuta cewa Musulmi suna bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai tare da su. Amma a Disambar 2015 wata malama a Kwalejin Wheaton ta Amurka, makarantar masu bishara, ta sa hijabi don nuna zumunci ta kuma rubuta cewa Allah ɗaya ake bauta wa, aka dakatar da ita, bayan wata biyu suka rabu da makarantar. Masu wannan ra'ayin hujjarsu ba ta wasa ba ce, suna kawo wasiƙar Yahaya ta fari inda aka ce wanda ya musanta Ɗan ba shi da Uban, da Yahaya 14:6 inda Yesu yace ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa. A wurinsu Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba ado ba ne da za a cire a ajiye, shi ne ainihin wanda Allah yake. Na fahimce su, kuma na fi girmama wanda ya faɗi haka a fili a kan mai yi min daɗin baki. Tambayar da nake musu kawai ita ce Yahudawa fa? Su ma ba su yarda da Triniti ba, ba su ma yarda Isa Almasihu ne ba, wanda mu mun yarda, amma da wuya ka ji fasto yace Yahudawa wani Allah daban suke bauta wa, sai dai yace ba su san shi yadda ya kamata ba. A Markus 12:29 ma da aka tambayi Yesu wace doka ce babba, kalmar shahadar Yahudawa ya karanto, Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. In wannan ma'aunin ya yi wa Bayahude, me zai hana a auna Musulmi da shi?

Sauran addinai kuwa ba zan ja da nisa ba. Maguzawa sun san akwai Allah a sama amma iskoki suke yi wa yanka, Birom suna da Dagwi, Yarbawa Olodumare, Ibo Chukwu, kusan ko'ina a ƙasar nan akwai tunanin wani babba guda da ya yi komai. Amma addinin Buddha a asalin koyarwarsa bai kafu a kan mahalicci ba kwata-kwata, to wanda ya ce duk addinai wuri ɗaya suke nunawa ya yi wa mabiyan Buddha ƙarya ba tare da ya tambaye su ba. Wannan maganar ta duk hanya ɗaya ce tana da daɗin ji a taron zaman lafiya, amma Mama ba ta yarda da ita ba, Inna ma ba ta yarda ba, kuma su biyun sun zauna lafiya shekara da shekaru.

Yanzu littattafan, nan ne na fi son mu tsaya, don nan ne ake amfani da mudu biyu, babba in za a auna na maƙwabci, ƙarami in an zo kan namu.

Mu fara da na Kirista. Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi, Bisharu huɗun nan masana suna sa rubutunsu tsakanin wajen shekara ta 65 zuwa ta 100 miladiyya, wato shekaru talatin zuwa saba'in bayan zamanin Annabi Isa. Kwafe-kwafen hannu na Girkanci da suka rage sun haura dubu biyar, kuma tunda da hannu aka yi ta kwafa ɗaruruwan shekaru ba tare da wata hukuma ɗaya tana tsare aikin ba, akwai bambance-bambance birjik a tsakaninsu. Mafi yawa kuskuren harafi ne ko tsallake layi ko sauya jerin kalmomi, amma akwai manya da ba a ɓoye su. Ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Markus, 16:9 zuwa 20, babu su a manyan kundaye biyu na ƙarni na huɗu, Sinaitikus da Batikanus. Labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 7:53 zuwa 8:11 babu shi a kwafe mafiya tsufa. Jimlar nan ta 1 Yahaya 5:7 da ta ambaci uku a sama kuma ɗaya ne, babu ita a tsofaffin kwafen Girkanci, shi ya sa yawancin sababbin fassarori suka cire ta. Sannan Katolika littattafai 73 gare su, sauran coci-coci irin su ECWA da COCIN 66. Duk wannan gaskiya ne, yaron shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Abin da bai sani ba shi ne malaman Kirista ne da kansu suka tono waɗannan wuraren suka rubuta su a ƙasan shafi, duk ɗalibin TCNN, kwalejin tauhidin Kirista da ke Bukuru, ya karanta su a aji, kuma yawan kwafen nan shi ne ma ya ba da damar gane inda aka yi ƙari. Sababbin bugun da yake cewa kullum ana fitarwa galibinsu fassara ce, kamar yadda tarjamar Sheikh Abubakar Gumi ta bambanta da ta Sheikh Nasiru Kabara ba tare da Larabcin ya motsa ba. Tsohon Alkawari ma a 1947 an fara gano naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, ciki har da cikakken littafin Ishaya da ya girmi kwafen da ake da su da wajen shekara dubu, aka gwada aka ga sun yi kusa ƙwarai, duk da cewa littafin Irmiya an same shi iri biyu, dogo da gajere.

To ina maganar tahrifi, wato cewa an canza littafinsu, da muke ji tun muna yara? Alƙur'ani ya faɗa, a Baƙara aya ta 79 akwai azaba ga masu rubuta littafi da hannunsu su ce daga Allah ne, kuma a wurare da dama ya ce suna karkatar da magana daga muhallinta. Amma malamanmu na da ba su yi ittifaƙi a kan yadda abin ya kasance ba. Ibn Hazm na Andalus da ya rasu 1064 ya tsaya kai da fata cewa lafazin ne aka canza. Wasu kamar Fakhrur Razi da Ibn Khaldun sun fi karkata ga cewa ma'ana aka juya da mugun tawili, don littafin da ya riga ya watsu a hannun al'umma gabas da yamma da wuya a haɗa baki a goge shi. Kuma ga Ma'ida aya ta 47 tana cewa mutanen Linjila su yi hukunci da abin da Allah ya saukar a cikinta. Manzon Allah S.A.W a hadisin Bukhari cewa yayi kada ku gaskata Ma'abota Littafi kuma kada ku ƙaryata su. Wannan matsayin ya fi ƙarfin wanda muka tashi da shi daga kaset ɗin Ahmed Deedat, Allah ya jiƙansa, wanda muke taruwa a ɗakin abokai muna kallo muna tafi. Kuma dan Allah 'yan uwa a daina ɗauko Linjilar Barnaba a matsayin hujja, kwafenta mafi tsufa na Italiyanci ne na ƙarshen ƙarni na 16, kuma a cikinta an sa Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'aninmu da bakinsa ya kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam.

Sai namu. Ni a makarantar allo na fara, wurin wani alaramma mutumin Barno, da tawada da alƙalamin kara, kuma da ƙira'ar Warshu muke karatu kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. Da aka sa ni Islamiyya ina aji biyu, na tashi karanta Fatiha nace maliki yaumiddin ba tare da ja ba, malam ya tsayar da ni yace maaliki, ja shi. Na koma gida hankalina a tashe, don a tunanina na yaro ɗaya daga cikin malamaina biyu yana koya min Ƙur'anin da ba daidai ba. Baba ne ya kama hannuna muka je wurin alaramma da daddare, tsohon ya ciro nasa rubutun hannu daga gafaka, warƙa-warƙa, ya sa aka kawo bugun Madina na ƙira'ar Hafsu da wani alhaji ya ba shi, ya jera su kan buzu kusa da fitila yana nuna min da yatsa. A Baƙara 184 a Hafsu an ce ciyar da miskini, a Warshu an ce miskinai. A Ali Imrana 146 Hafsu ya karanta ƙatala, ya yi yaƙi, Warshu ya karanta ƙutila, an kashe. Yace min duka daga Manzo suke, ya ba ni labarin Sayyadina Umar da ya ja Hishamu ɗan Hakim da mayafinsa har gaban Annabi saboda ya ji yana karanta Suratul Furƙan ba yadda shi ya koya ba, Annabi ya saurari kowa yace haka aka saukar, an saukar da Ƙur'ani a kan harafi bakwai. Tun ranar na san cewa mai cewa ko wasali ɗaya bai bambanta ba tsakanin mushafi da mushafi, yana faɗin abin da malamansa ba su faɗa ba. Hafsu ɗin ma bugun Alƙahira na 1924 da maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina da aka buɗe 1984 su suka yaɗa shi haka, da guzurin da alhazai ke dawowa da shi.

Tarihin tattara shi ma a Bukhari yake, ba maƙiya suka rubuta ba. Bayan yaƙin Yamama da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyadina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara. A zamanin Sayyadina Usman, wajen shekara ashirin bayan wafatin Manzo, Huzaifa ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan a tsorace saboda ya ga mayaƙa suna saɓani kan karatu, sai aka rubuta mushafi ɗaya aka aika garuruwa, aka ƙone sauran, kuma sananne ne Abdullahi ɗan Mas'ud bai ji daɗin hakan ba da farko. A 1972 ana gyaran babban masallacin San'a a Yaman aka samu tarin tsofaffin fatu, ciki akwai wanda aka kankare rubutun farko aka yi wani a kai, na ƙasan ya ɗan saɓa wa mushafin Usman a wasu kalmomi da jerin surori, irin abin da littattafanmu na da suka riga suka ruwaito game da mushafan sahabbai. A 2015 kuma Jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da awon wasu warƙoƙi biyu masu ɗauke da sassan Kahfi da Maryam da Ɗaha, awon ya ba da tsakanin shekara ta 568 da 645, ga shi Manzo ya yi wafati 632. Fatar aka auna ba tawadar ba, amma duk da haka ko masanan da ba Musulmi ba mafi yawansu sun yarda cewa rubutun da ke hannunmu ya koma har ƙarni na bakwai. In aka haɗa da hadda, yaro ɗan shekara goma sha biyu a Unguwar Rogo ya gyara wa liman in ya yi tuntuɓe, ni zuciyata a natse take da ayar da Allah yace shi ya saukar kuma shi zai tsare.

Amma ka lura da yadda hanyoyin biyu suka bambanta. Namu an tsayar da shi da wuri a hannun hukuma, shi ya sa ya zo a dunƙule, Kirista kuma zai ce ai kun ƙone abin da za a gwada da shi. Nasu an bar shi ya bazu ba mai tsaro, shi ya sa bambanci ya yi yawa, mu kuma mu ce ai ga shi nan an taɓa. Kowa ƙarfinsa shi ne inda ɗayan yake sukarsa. Ƙari a kan haka ba ma abu iri ɗaya muke nufi da saukakken littafi ba. Mu a wurinmu Ƙur'ani maganar Allah ce lafazi da lafazi, shi ya sa ba a sallah da tarjama, shi ya sa ba a taɓa shi ba alwala. Su kuma a farkon Bisharar Yahaya cewa aka yi Kalman ya zama mutum, wato matsayin da Ƙur'ani yake da shi a wurinmu Yesu ne yake da shi a wurinsu, Bisharun kuma shaidar mutane ce a kansa da suka yi imani Ruhu ya bi da su, a tsari sun fi kama da sira da hadisi. Luka ma da kansa ya buɗe littafinsa da cewa bincike ya yi daga waɗanda suka gani da ido. To in ka ce wa Mama ai mutum ne ya rubuta littafinku, ba ka faɗa mata sabon abu ba, sunan mutumin ma yana saman shafin.

Kuma akwai iyakar da tsofaffin fatu ba sa tsallakewa. Za su iya nuna maka ko rubutu ya iso yadda aka fara rubuta shi, amma ba ɗakin gwajin da zai auna maka ko daga Allah yake. Ɗauki gicciye, wanda shi ne babban ramin da ke tsakaninmu. Nisa'i aya ta 157 ta ce ba su kashe shi ba ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu. Bisharu huɗun duka sun ce an gicciye shi, kuma haka yake a kwafe mafiya tsufa, ɗaruruwan shekaru kafin Hijira, to ba wani magatakarda ne ya saka shi daga baya don ya ɓata wa Musulmi rai ba. Ni na gaskata Ƙur'ani a nan saboda na gaskata wanda ya zo da shi, Mama ta gaskata nata saboda a kansa ta ɗora ranta gaba ɗaya, ko kwafe dubu nawa aka ƙara tonowa ba za su raba mu wannan ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne wanda zai soki littafin wani ya fara sanin tarihin nasa, ya kuma yarda a auna shi da mudun da ya auna wa wani.

Abin da ya sa maganar take da zafi a Jos kowa ya sani. Tun ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 garin nan ya fara rabewa, 2008 da 2010 suka ƙarasa, yanzu akwai unguwannin da in ba naku ba ne sai ka duba agogo kafin ka shiga. Mu muka koma Unguwar Rogo, Mama ta koma Unguwar Rukuba. Yaran shagon can a cikin wannan rabuwar aka haife su, ba wanda ya tashi yana jin addu'ar ɗayan ta bayan labule, abin da suka sani game da juna daga bidiyon minti biyu ne na wanda sana'arsa ita ce kayar da abokin muhawara. Masu sira sun ruwaito cewa a shekara ta 615 sahabbai wurin sarkin Habasha Kirista suka gudu neman mafaka, Ja'afar ya karanta masa Suratu Maryam har ya yi kuka, bai ɓoye masa cewa mu bawan Allah muke ɗaukar Isa ba, kuma sarkin bai kore su ba. Ina tsoron 'ya'yanmu suna tasowa sun san ayar jayayya ba su san sharaɗin da aka gindaya mata ba, na cewa sai ta hanya mafi kyau.

Watan jiya na je gaishe da Mama, na kai mata sabulu da ɗan sukari da lemo. Ta tsufa sosai, ido ya yi rauni, baƙin littafin nan yana kan teburi kusa da gadonta, bangon ya rabu an ɗaure shi da roba, jikarta ce take karanta mata yanzu. Ta tambayi Inna, nace ai ƙafa ce ta hana ta zuwa, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da na tashi tafiya tace durƙusa ɗana, ta dafa kaina ta fara, Allah ya tsare ka a hanya, Allah ya raya maka zuri'a, Allah ya ba Innarka lafiya, Allah ya kawo mana zaman lafiya a Filato. Sai ta yi shiru kaɗan, kamar yadda take yi min tun ina yaro, don ta san inda zan iya amsawa da inda ba zan iya ba. Nace amin Mama. Sannan ta ƙarasa a hankali ita kaɗai, cikin sunan Yesu, jikarta ta amsa mata, ni kuma na ɗauki hulata na fito neman keke kafin magariba.